Fuskar Min Awiti a Baƙin Allo

Duk wanda ya girma a garin Ahero ya taɓa tsayawa gaban kyamarar Owuor Ragen. Baftisma, aure, kammala makaranta, shi ne. Dogo ne siriri, ga faɗa idan ka ƙifta ido. Ni kuwa suyar kifi nake a ƙofar shagonsa tun ina amarya, kullum muna rigima kan hayaƙi.

Mutumin nan ba ya tsoron maye, ba ya tsoron ɗan sanda, amma kwamfuta tana kaɗa masa hanji. 'Yarsa Awiti ce ta ajiye masa ita da aka daina wankin fim. Da yatsa ɗaya yake taɓa ta, yana ja da baya kamar za ta cije shi.

Sai matarsa, Min Awiti, wato uwar Awiti da yarenmu, ta rasu. Kun san a wajenmu ba a ɗauko gawa daga asibiti sai da hoton mamaci ɗaure a goshin mota, in ba haka ba dangi su ce an wulaƙanta 'yarsu. To ga abin takaici: mutumin da ya ɗauki garin nan kaf, hoton matarsa na kirki guda ɗaya gare shi, don ita kullum sai ta ce bari ta yi kitso tukuna. Wannan ɗayan kuma yana cikin kwamfuta.

Da hantsi ranar ɗauko ta, na ji yana kwaɗa mini kira.

"Nyar Seme! Zo, na shiga uku!"

Na bar kifi a wuta na ruga. Yana tsaye, gumi ya jiƙa rigarsa.

"Da na kunna kwamfutar sai ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Ta tafi da fuskarta, Nyar Seme."

'Yan'uwan marigayiya daga Gem sun riga sun cika gida, kuma ba su iya magana a hankali ba. Na fizge wayarsa na kira Awiti, tana cikin mota daga Mombasa a kan hanyar zuwa gida.

"Goggo, ki natsu," in ji ta. "Za mu tashe ta ba kaya a kanta, kamar majinyacin da aka hana komai sai kunu. Idan ta zauna a haka, wani abu da aka loda mata ne ke damunta. Idan ta sake mutuwa, ciwon a jikinta yake. Baba ya kunna, ke kuma ki yi ta danna maɓallin sama mai F da takwas."

"Ni? Da hannun kifi?"

"Goge a zani, Goggo, don Allah!"

Na yi ta dannawa kamar mai tsinke wake. Allon ya yi baƙi ƙirin, sai fararen rubutu suka fara zubowa, suna gudu sama. Owuor ya dafe kai.

"Tana share hotunan! Yesu, tana share su!"

"Ba ta share komai, Baba, tashi take yi," in ji Awiti.

Can ta buɗe, wani iri. Babu hoton furannin da muka saba gani a allon, sai baƙin fili da rubutu a kusurwoyi, komai ya kumbura ya yi muni. Owuor ya kai yatsa yana laluben wurin hotuna. Kafin ya isa, ɗif. Ta mutu.

Na faɗa wa Awiti abin da ya faru.

"To a jikinta ne," in ji Awiti a hankali. "Goggo, taɓa akwatin kwamfutar da ke ƙasan tebur. Da zafi?"

Na durƙusa, ban ga akwati ba. Sai wani ƙunshi, an naɗe shi tam da zanin leso mai ruwan goro, har da ƙulli. Na san zanin, da shi marigayiya take zuwa coci. Na sa hannu, zafi kamar murfin tukunya.

"Kai dattijo! Wa ya yi wannan aika-aika?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun ranar da ta tafi. Can asibiti a firji suka sa ta. Na ce ko a nan kada ta ji sanyi."

Faɗan da na ɗauko ya maƙale mini. Na kwance ƙullin ina kuka, na miƙa masa zanin, na ɗauko murfin kwalin da nake hura wuta da shi na yi ta yi wa akwatin fifita. Da ya huce muka sake, F da takwas, baƙin allo, rubutu. Wannan karon ta zauna.

Ga Min Awiti. Hoton ya yi dishi-dishi, kalar ta dagule, amma ita ce, da wushiryarta, tana hararar mai ɗauka.

"Buga, buga maza!" na ce.

"Ba zai bugu a nan ba," in ji Awiti. "Injin bugawa ba ya aiki a wannan hali. Sai an kashe ta an tashe ta yadda aka saba."

"In kuma ba ta tashi ba?"

A waje direban motar gawa ya fara danna oda.

Owuor ya kai yatsa kusa da maɓallin, ya janye. Ya sake kaiwa, ya sake janyewa. Sai ya juyo ya dube ni.

"Ni na rufe mata ido a asibiti, Nyar Seme. Ba zan iya sau biyu ba."

Ni na danna. Fuskar ta ɓace, ya juya wa tebur baya, yana fuskantar bango. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan jira ba, ko a ɗakin haihuwa. Sai ga furanni sun dawo, injin ya fara jan takarda.

"Ta fito, dattijo," na ce.

Bai juyo ba sai da na ɗora masa ita a tafin hannu. Takardar da ɗuminta, sai ya manna ta a kumatunsa.