Hancin Jonah

Shekara goma sha bakwai Jonah yana aiki a ɗakin ajiye gawa na wani asibiti a Abuja. Shi ke ɗura wa gawarwaki fomalin, ruwan da ke hana su ruɓewa. Sabbin ma'aikata kan fito da gudu suna tari, idanu jajur, shi kuwa ko takunkumi ba ya sawa. In ya tashi aiki sai ya sha gwangwanin madara, wai tana wanke ƙirji.

"Ni na saba," yakan ce. "Ko warinsa ba na ji."

Wata Lahadi ya riga iyalinsa dawowa daga coci zuwa gidansu a Dutse Alhaji. Ya shiga kicin zai dafa shayi, ya ɗauko ashana. Tsinken farko ya karye. Yana zaro na biyu sai ga matarsa Magdalene a bakin ƙofa.

"Baban Vivian, kar ka ƙyasta! Gas na zuba!"

Ya ƙame, ashana a hannu. Ita ta toshe hanci da bakin zani, maƙwabta ma sun fara fitowa. Jonah ya shaƙi iska, ya sake shaƙa da ƙarfi.

Bai ji warin komai ba.