Goggo tana gadin ƙafafu

Shekarar da gwamnati ta kwashe komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, mu ma aka kwaso mu tare da kujerun ofis. Aka ba maigidana gida a Lugbe, bakin hanyar filin jirgi, inda in ka leƙa taga ba ka ganin komai sai ciyawa da jar ƙasa. Ko labule ban gama ratayawa ba aka sake tura shi Legas ya rako sauran kayan ma'aikatarsu. Ya bar ni da 'yarmu mai rarrafe, da Goggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta zo taya ni zama, ta haɗa har da faɗan da ban roƙa ba.

Abin ya fara da mura, sai zazzaɓi. Yarinya ta ƙi nono, tana wani kuka siriri da ban taɓa ji ba. In na ɗauke ta kukan ya ƙaru, in na ajiye ta sai ta yi lamo.

Na ce, "Goggo, anya ba sanƙarau ba ne?"

"Sanƙarau da damina? Ke 'yar nan, boko ya cinye miki kai." Ta tanƙwara kan yarinyar har haɓa ta taɓa ƙirji. "Kin gani? Wuya da laushinsa. Haƙori ne." Ta ƙara ja mata hular ulu har gira. A wajen Goggo ba a barin maɗigar jariri a buɗe, iska za ta shiga.

Washegari da hantsi yarinyar ta fara jijjiga, idanunta suka juye. Ban san sanda na kai titi ba takalmi ba, Goggo na bina da mayafina. Wata motar doya ta tsaya, direban ya leƙo ya ce, "Madam, shiga, shiga! Yarinya ba shi da lafiya?" Har muka kai asibiti hannuna na kan ƙirjinta, ina tsoron in ji ya tsaya.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta fizge hular. Maɗigar ta kumburo ta yi tauri kamar ƙosan da ya tashi a mai. Goggo ta fara zancen laushin wuya, likitar ta ce, "Hajiya, a jarirai ba lallai wuya ya sanƙare ba. Sai mun ɗebi ruwan bayanta yanzu-yanzu."

Goggo ta dafe ƙirji. "Wallahi ba da ni ba! Wanda aka zuƙe wa ruwan baya ba ya sake taka ƙasa. A jira ubanta."

Ubanta yana can wani wuri cikin babbar mota, ba waya, ba ɗan aike. Ni ma na taso ina jin wannan magana ta ruwan baya, kuma tana ba ni tsoro. Amma 'yata tana mutuwa a hannuna. Na ce, "Goggo, in goya ta har ta tsufa, na yarda. Likita, ɗebi."

Suka naɗe ta, suka soka allura. Ruwan ya fito gurɓatacce, kamar wanda aka wanke shinkafa da shi. Nan take aka fara mata allurai. Daga baya likitar ta ce sanƙarau ne, amma ƙwayar cutar ba irin ta annobar bazara ba ce, wata ce da suke kira himofilus, ba ruwanta da damina ko rani, kuma ƙananan yara ta fi kamawa.

Allah ya tashi kafaɗunta, muka koma gida. Goggo ta ƙi komawa garinsu. Kullum da safe sai ta murza ƙafafun yarinyar da man kaɗe tana hararata. Da maigidan ya dawo, ko ruwa bai sha ba ta ce, "Ga aikin matarka nan, sai mu zuba ido." Ina mayar mata da baƙar magana, amma in ta juya baya ni ma sai in matsa ƙafafun in ga ko za su motsa. Yarinyar ta zama mai shiru-shiru, ba ta firgita ko tsawa aka yi. Muka ce jinya ce ta sa ta yi sanyi.

Wata rana da la'asar ta saki kujera, ta ɗaga ƙafa, ta nufo ni. Goggo na tsaye daf da bayanta. Ta rangaɗa guɗar da sai da na toshe kunne, kajin maƙwabta suka watse.

Yarinyar ba ta waiwaya ba. Ko ƙifta ido ba ta yi ba, ni kawai take kallo tana dariya.

Guɗar ta maƙale wa Goggo a wuya. Ta ɗauko murfin kwano, ta buga shi da ludayi a gefen kunnen dama, ta koma na hagu. Sai ta zauna daɓas a ƙasa da murfin a hannu. 'Yata kuwa ta ci gaba da takowa wurina, ƙafafunta lafiya lau.