Farin Ƙarfen Motar Baba

Jiya a bakin tasha wani mai shayi ya yanka lemun tsami. Ƙamshin yana dukan hancina sai na ganni a ƙofar gidanmu, ina 'yar shekara tara.

Babanmu yana da tsohuwar motar haya mai zuwa Nasko. Gefenta da bakin gilasanta duk an yi musu ado da farin ƙarfe na alminiyam. In damina ta yi nisa sai ƙarfen ya dushe, ya yi dabbare-dabbare kamar tsohuwar tukunya. Ran Juma'a da hantsi Baba zai sa a tankaɗe masa toka, ya kwaɓa ta da ruwan lemun tsami, ya naɗe yatsa da tsumma mai laushi, ya bi ƙarfen a hankali har sai ka ga fuskarka a ciki. Ba ya yarda kowa ya taɓa sai ƙaninsa, Baffa, wanda yake koya wa tuƙi.

Wata rana Baba ya tafi ta'aziyya. Ni kuwa so nake ya dawo ya yaba mini. Na ɗauko soson ƙarfen da Inna take wanke tukwane da shi, na haɗa da yashi, na dirje gefen direba iya ƙarfina. Da na watsa ruwa sai ga zane-zane kamar kaji sun yi tono. Na wurga soson bayan rumbu.

Baba bai ɗaga murya ba da ya dawo. Ya shafa wurin, ya dubi Baffa.

"Amanar da na ba ka ke nan?"

"Wallahi Yaya, yau ko taɓa ta ban yi ba."

"Kawo makullin."

Ina laɓe a zaure ina jin komai, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Kafin kaka Baffa ya tattara ya koma noma a Tungan Magajiya. Bai sake riƙe sitiyari ba. Zumuncinsu bai yanke ba, sai dai ya yi sanyi, har Baba ya koma ga Allah.

Sai bara na iya zuwa wurin Baffa takanas. Na tarar tsufa ya ci ƙarfinsa. Na durƙusa na ce, "Baffa, ni ce na karce motar nan. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi murmushi. "Wace mota, 'yar nan?"

Adon motocin yanzu roba ne, in ya lalace a ɓalle a sa wani, ba mai rasa makulli a kansa. Ni kuwa wanda zan wanke Baffa a gabansa yana kabari, wanda zai yafe mini kuma ya manta laifin. Da kayana na je, da kayana na dawo.