Likkafanin da Ya Rage a Tukunya

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban iya rubutu ba, maƙwabciyata ce take rubuta abin da nake faɗa mata. A lokacin da wannan abu ya faru, ni ce mai wankan gawar mata a shiyyarmu, wata tsohuwar shiyya ta Birnin Kebbi, can ta bayan Nasarawa. A hannun kakata na karɓi aikin. Shekara talatin da wani abu, babu macen da aka kai makwancinta daga shiyyar nan ba ta bi ta hannuna ba. Maigidana ya rasu, ɗiyata guda tana aure a Argungu. Wannan aiki shi kaɗai ya rage da ke sa a yi sallama a ƙofata.

Shiyyar kuwa ta lalace muna kallo. Masu hali sun yi gini a Gesse sun tashi, samari sun bazu neman abinci. Ruwan wata damina ya kwantar da katangu, magudanai suka toshe, awaki suka riƙa kwana a ɗakunan da na taɓa zuwa cin suna. Muka rage mu tsofaffi. Cikinmu akwai ƙawata, mutuniyar Gulma, aure ya kawo ta, Allah bai ba ta haihuwa ba. Kullum la'asar ina gindin magaryar gidanta. Takan tsokane ni wai ni kaɗai ce baƙuwar da ba a murnar gani a ƙofa, ni kuma in ce ta kwantar da hankalinta, ranarta tana tafe, sai na cuɗe ta da kyau. Wata rana ta ja ni ɗaki, ta ɗaga wata tsohuwar tukunya da ke kife a bayan gadonta, ta nuna mini farin yadi a naɗe. Ta ce ta ba wata mai zuwa aikin hajji ta tsoma mata shi a ruwan zamzam, kuma bayan matar nan ba wanda ya san da shi, don tana kunyar a ce tana kiran mutuwa. Ta sa na yi mata alkawari uku: ni zan wanke ta, da ganyen magaryar gidanta, in sa mata wannan likkafani. Na ɗauka.

Ana nan sai aka yi sabon limami a masallacinmu. Ya tara jama'a ya ce gyaran shiyya ma ibada ne. Aka fara aikin gayya duk Asabar, ana yashe magudanai, ana tayar da katangun matan da mazansu suka rasu. Matarsa, wadda ake kira Malama, ta buɗe wa mata karatu a zaure, suna kuma zagayen marasa lafiya da kunu da tuwo. Wata hantsi ta zo gidana ta durƙusa har ƙasa, tana ce mini Inna. Ta roƙe ni in koya wa mata huɗu wankan gawa, tunda ni kaɗai ce, jiki kuma ya fara nauyi. Da nan ta tsaya, wataƙila da na yarda. Amma akwai littafi a hannunta, ta ce za mu riƙa dubawa mu ga yadda malamai suka faɗa. Raina ya ɓaci. Na tambaye ta ko littafin nata ya taɓa juya gawa da hannunsa. Ta yi murmushi ta ce shi ya sa ta zo wurina. Na ce ta gai da gida.

Yau zan faɗi gaskiya. Ba littafin ne ya dame ni ba, tsoro ne. Na ga idan mata huɗu suka iya, wa zai sake nemana? Da masu aikin gayya suka zo gyara mini katanga na kore su. Ƙawata kuwa ta karɓe su hannu biyu, suka ɗinke mata rufin ɗaki, har ta fara zuwa karatu da sandarta. Ta ce mini taurin kai ya yi mini yawa, wai ko so nake in wanke kaina da kaina ranar da tawa ta zo. Na ji haushi, na daina zuwa gindin magarya. Da lokacin yankan shinkafa ya yi, na ɗaure kayana na tafi Argungu wurin ɗiyata, ban yi wa kowa sallama ba. A raina ina cewa bari a yi rasuwa ba na nan, su san darajata.

Kwanana tara a can, da safe muna sheƙar shinkafa, wayar ɗiyata ta yi ƙara. Ta duba ta ce Malama ce. Na ce ta ƙyale ta. Ta sake kira, na ce kada ta ɗauka, roƙo ne za ta yi. Sau uku. Sai bayan la'asar wani mai mota ɗan shiyyarmu ya yi sallama da ni a ƙofar gida, ya cire hula, ya ce in yi haƙuri. Ƙawata ta rasu bayan asuba, an jira ni har aka gaji, an kai ta kafin azahar.

Rasuwar da na roƙa ke nan. Na iso na tarar da matan nan huɗu zaune a tsakar gidanta. Malama ta tarye ni tana hawaye, ta ce da littafi a buɗe suka wanke ta, masallaci ya sayo yadi a kasuwa. Wata cikinsu ta ce da numfashin ƙawata ya yi sama ta yi ta kiran sunana tana nuna bayan gado, suka zaci ruwa take so. Na shiga ɗakin ni kaɗai, na ɗaga tukunya. Likkafanin yana nan a naɗe yadda ta ajiye shi.

Ba wanda ya ɗora mini laifi, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Na yi kwanaki a ɗaki, ba mai tsokanata, ba wadda zan tsokana. Ɗan ƙanen marigayiyar da ya zo daga Gulma ya ce in yi abin da ya dace da yadin. Na ɗauka na kai wa Malama, wannan karon ni na durƙusa. Na koya musu duk abin da na sani, yadda ake daka ganyen magarya, yadda ake rufe mamaciya ana wanke ta, yadda ake kame baki a kan abin da aka gani. Da aka karanta mini littafin, ashe kusan duk bakinmu ɗaya, abu biyu ne na gyara. Yadin kuwa, wata baƙuwa da ta rasu a gidan haya ba dangi ita aka sa wa. Mu biyar muka wanke ta.

Yanzu shiyya ta farfaɗo, ruwa yana wucewa, wasu ma sun dawo gidajensu. Ni dai la'asar ba ta dawo mini ba. Ina kira ga tsofaffi 'yan uwana, duk mai wani sani a hannu ya saki tun yana da rai, kuma idan mutanen kirki suka yi sallama don Allah, a amsa musu. Na riƙe aikina don kada a manta da ni, sai na rasa wanka guda da aka roƙe ni da baki. Har yau nakan je in tsinko ganye a magaryarta in an yi rasuwa. Wanda ya karanta wannan, ya yi mata addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.