Sandar da Na Zaɓa, Yatsan da Bukar Ya Rasa

Da safen nan labarin ya same ni. Bukar ya rasu.

Falmata, babbar 'yarsa, ita ta kira ni. Ta ce, "Baba Bulus, abokinka ya tafi bayan sallar asuba." Na riƙe wayar a kunne har ta katse. An kai shi makwancinsa tun ƙarfe tara, ni kuwa ina nan zaune a Agyaragu, ban je ba.

Duk wanda ya taɓa sayen doya a kasuwar Lafiya ya san Alhaji Bukar Mai Tara. Ana ce masa haka ne don ba shi da yatsan manuniya a hannun dama. Kun sha jin yadda ya rasa shi, wai yana saurayi zaren fatsarsa ya naɗe masa yatsa saboda sakacinsa. Shi da kansa ya ba ku labarin, kuna dariya yana dariya.

Ba haka aka yi ba. Ni na san yadda aka yi, kuma sama da shekara sittin ke nan ban ce masa ya yafe mini ba.

A ƙarshen shekarun hamsin ne, saura kaɗan Turawa su tafi. Muna samari, muna leburanci wajen wani Baturen gandun daji, muna share masa layin iyaka a dajin Arikya. Baturen nan mayen kifi ne. Yana da sandunan fatsa irin na ƙasarsu, masu ɗan keke a gindi da ake juyawa yana naɗe zare. Ran da aka yi masa taransifa ya shimfiɗa guda biyu a kan tabarma, ya ce ni da Bukar kowa ya zaɓi ɗaya.

Ɗaya doguwa ce mai kauri, ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Ɗayar gajera ce, siririya, ba nauyi.

Kun san ni da zalama. Na yi wuf na cafke babbar.

Bukar bai yi gaggawa ba. Ya ɗora ƙaramar a kan yatsa ya ga inda take daidaita, ya lanƙwasa bakinta ya saki. Sannan ya tambaye ni a ina zan yi fatsar, a gaɓa ko a cikin jirgi. Ya tuna mini rafinmu matsattse ne, rassa sun rufe shi ta sama, kwale-kwalenmu kuma mai cin mutum ɗaya ne, ko atishawa ka yi da ƙarfi sai ya girgiza. Ya ce doguwar sanda za ta yi ta maƙalewa a rassa, hannu ya gaji tun rana ba ta yi tsaka ba. In kuma babban kifi ya ja, sanda mai tauri ba ta shanye jan, jirgin take miƙa wa. Har ya ce mu riƙa karɓa-karɓa da tasa, a ajiye tawa sai ran da muka je babban kogi.

Na ce ya riƙe tsinken tsirensa. Ya ce dama mutumin dutse me ya sani game da ruwa. Haka yake tsokanata har tsufanmu, don ni Eggon ne, mu mutanen kan dutse ne.

Ranar Asabar muka sauka rafi, kowa da jirginsa. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika ya yi ja.

Kafin mu tura na yi wauta biyu. A jikin keken akwai ɗan birki da ke sakin zare in kifi ya ja da ƙarfi. Ni a ganina lalacewa ce zare ya riƙa zamewa, sai na murɗe shi tamau. Na biyu kuma, mu da muka taso da fatsar gora mun saba ɗaure ta a hannu don kada kifi ya gudu da ita. To, wannan kayan Bature ne, ba ni da inda zan samo wata. Na samu igiyar rama na ɗaure gindin sandar a wuyan hannuna, ƙulli biyu.

Bukar ya gani. Ya ce, "Bulus, kwance wannan abu. Sanda ya tafi ya fi kai ka tafi."

Na ce ya kula da nasa jirgin.

Mun yi kamar awa biyu. Shi yana ta cire karfasa ɗaya bayan ɗaya, yana cusa jifa ƙarƙashin rassa inda tawa ba ta shiga. Ni sau uku ina tashi ina kwance zare daga reshe, raina ya gama ɓaci. Sai na matsa wajen wani gurbi mai zurfi, inda wata tsohuwar bishiya ta faɗa ruwa, na jefa.

Har yau ban san wane kifi ne ba. Ban gan shi ba.

Ja ɗaya ya yi. Zaren bai saki ba, sandar ba ta lanƙwasa ba, jirgin ne ya kife. Na ji ana jana da hannu zuwa ƙasa. Sandar ta shige tsakanin saiwoyin bishiyar ta maƙale, ni kuma ina ɗaure da ita. Na kai hannun hagu kan ƙullin, igiyar ta sha ruwa ta ƙara ɗamewa. Na ciza da haƙori, na sha ruwa. Ƙirjina kamar an ɗora mini buhun gishiri. Na tabbata na mutu.

Bukar ya faɗo ruwan da wuƙa a baki. Ruwan ya yi duhu, bai gan ni ba. Sai hannunsa ya taɓa zaren fatsata, ya naɗa shi a yatsa don kada ya kuɓuce masa, ya bi shi har ya iske ni. Yana cikin yanka igiyar da hagu kifin ya sake fizga.

Da ya fito da ni gaɓa na amayar da ruwa na dawo hayyacina, kun san abin da ya fara fita bakina?

"Wa ya ce ka yanke? Sandata fa?"

Yana zaune ya danne hannunsa tsakanin cinyoyi, jini na bin ƙafarsa. Zaren ya yanka yatsan har ƙashi. Ya dube ni kawai, ya ce mu tafi gida. Tasa sandar ma ta bi ruwa, ko ambatonta bai yi ba.

A hanya tsoron babana ya kama ni, na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa na ɗaure hannuna. Ya ce to.

Ciwon ya ruɓe, aka cire yatsan a asibiti. Bukar ba shi da buri sai shiga soja, tun muna yara yake fareti da karan dawa. Da aka zo ɗibar sojoji ya je, mai dubawa ya kalli hannunsa ya ce ya koma gida. Ni na raka shi ranar. Ban buɗe baki ba.

Sunan Mai Tara kuwa, ni ma da shi na riƙa kiransa. Wannan ya fi komai ci mini rai yau.

Duk kakar doya sai ya aiko mini da manya guda goma, ya ce a ba mutumin dutse kada yunwa ta kashe shi.

Da matata ta rasu, kwana uku yana zuwa ya zauna ƙarƙashin kanofi a ƙofar gidana, ana waƙoƙin coci yana jan carbinsa.

Da aka yi mini aikin ido shi ya riƙe hannuna zuwa mota, da wannan hannun.

Watan jiya na hau keke napep na je gidansa musamman don in faɗi maganar. Na same shi a kwance a zaure, ya rame sosai. Muka gaisa, muka yi hirar ciwon gwiwa da tsadar taki. Na ce, "Bukar, ranar nan a rafin Arikya..." Sai na tsaya. Ya jira. Wallahi ya jira ni, yana kallona, ya ba ni fili. Ni kuma sai na ce kifin nan dai babba ne.

Ya yi murmushi ya ce, "Babba ne, Bulus. Ka dawo wani sati mu ƙarasa maganan."

Ban koma ba. Na yi ta cewa gobe.

Falmata da ƙannenta sun taso suna jin babansu ya yi sakaci ya rasa yatsa. Na rubuta nan don kada in samu hanyar janyewa, amma ba a waya ya kamata su ji ba. In na ajiye wayar nan Lafiya zan tafi, in zauna gabansu in faɗa musu da bakina cewa babansu ya ba da yatsansa da aikin da yake so don ni in rayu, ni kuwa na tambaye shi sanda. Ban san da wane ido za su dube ni ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba.

Allah ya ji ƙan Bukar, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da abin da ni na kasa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, Musulmi da Kirista, don Allah ku sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini, kada in isa ƙofar gidan nan in sake yin hirar kifi.