Maki Uku a Koriyar Takarda

A ofishin shirya jarrabawa Mai Sikeli ake kiranta, ko da yake ko tumatir ba ta taɓa aunawa ba. Shekara ashirin da shida tana teburin bakin taga, fankar sama na ta ƙara, ita kuma tana auna wahalar tambayoyi.

Kowace shekara takarda iri biyu ake bugawa, koriya da shuɗiya, don hana satar amsa. Duk ƙoƙarin masu tsarawa, sai ɗaya ta fi ɗaya zafi. Shi ya sa ake cusa tambayoyi ashirin iri ɗaya a cikin duka biyun. Da su take gane ko ɗalibai ne suka yi ƙoƙari ko takardarsu ce ta yi sauƙi, sannan ta daidaita makin. A zamaninta babu wannan tsari. Mai zafin ce ta faɗo mata, ta rasa karatun likita da maki ɗaya, kuma har yau abin na ci mata rai.

Bana lissafi ya nuna koriya ta yi sauƙi, dole a rage mata maki uku. Ɗiyar yayanta kuwa koriya ta rubuta. Mai Sikeli ta san lambarta, don ita ta raka ta ta karɓo kati. Sittin da biyu yarinyar ta ci, sittin ake nema.

Sau huɗu tana sake lissafin, tana fatan ta kama kanta da kuskure. Babu.

Abokin aikinta ya leƙo, ya rage murya. "Biyu da ɗigo shida ne fa. Ki mai da shi biyu mana, wa zai ce uffan?"

"Gurbin karatun ƙidayayye ne," ta ce. "In na shigar da tawa, wata 'yar shuɗiya zan fitar, ita kuma ba ta da gwaggo a nan."

Ta rubuta uku, ta sa hannu.

Ranar da sakamako ya fito da kanta ta je gidan. Yayanta ko gaisuwarta bai amsa ba. Yarinyar ce ta kawo mata ruwa, idanunta jajur.

"Gwaggo, da maki nawa na faɗi?"

"Da ɗaya."

"Kamar ke kenan."

Mai Sikeli ta ajiye kofin.

"A'a, 'yata. Ni ba wanda ya auna min. Naki kuwa an auna, kuma ni na auna shi."