Obrad, Wa Zai Tare Mana Ƙofar Gavra?

Ranar Talata, huɗu ga watan Nuwamba, ƙararrawar cocinmu ta Donja Leska ta yi bugun mutuwa. Aka ce Obrad Vesic ne ya faɗi a gonarsa, bai sake tashi ba. Kawu Obrad, ba zan ɓoye maka ba, kafin hawaye su zo mini tsoro ya riga su.

Kai ƙaramar hukuma ta ɗora wa duba lasisin masu sayar da barasa a yankinmu. Aiki ne mai jawo baƙin jini a garin da kowane gida ke dafa tasa. Ba ka taɓa hana mutum shan abin da ya dafa a gidansa ba. Maganarka ɗaya ce: kwalbar da za a sayar wa jama'a sai da hatimin gwamnati a murfinta. An zage ka, an sace maka iskar keke, ka tura abinka zuwa gida kana fito.

Ni Dobrila na san abin da kake tare mana. Mijina Tihomir ya sha barasar jarka a mashayar Gavra, barasar da aka sirka da sinadari mai guba don ta yi auki, idanunsa suka tafi ke nan. Kai ka kai shi asibitin birni. Kai ka garƙame ƙofar Gavra, ka ɗaura mata wayar ƙarfe da hatimi. Duk lokacin sanyi kai ke faskara mana itace. Da ɗanmu Nenad ya fara zagayawa ta ƙofar bayan Gavra, ka kamo wuyan rigarsa har gida kana cewa, "Kai, shashasha, idon ubanka bai ishe su ba, sai ka kai musu naka?"

Ranar binne ka, muka tsaya bakin kabari yadda aka saba: kowa ya karɓi ɗan kofin barasa, ya ɗiga wa mamaci kaɗan a ƙasa, ya shanye saura. Ƙin karɓa cin mutuncin mamaci ne. Sai ga Gavra, hula a hannu, da jarka ba hatimi.

"Don ran marigayi na kawo," in ji shi. "Mun yi faɗa, amma ya wuce."

Babu mai bakin cewa a'a, Nenad ma har ya miƙa kofinsa. Matarka Rumenka ce ta karɓi jarkar.

"Don ransa ka ce ko, Gavra? To, tasa ce."

Ta juye ta kaf a kan kabarinka. "Shi dai ba za ta makanta shi ba," ta ce, ta miƙa wa Gavra jarkarsa.

Amma Rumenka ba za ta iya tsaron kowace ƙofa ba. Furannin kabarinka ba su bushe ba aka yanke wayar nan. An ce an nemi sabon lasisi da sunan surukin Gavra, kuma har yau ba a naɗa kowa a gurbinka ba. Nenad kan fita da la'asar, ya ce wajen abokai za shi. Ni kuwa ba ni da ƙarfin kama wuyan rigarsa. Ina tsoro, Kawu, wallahi ina tsoro.

Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa ka huta cikin haskensa. Ya ba Rumenka da 'ya'yanku haƙurin wannan rashi, mu kuma ya dube mu. Ka tafi ka bar ni da Tihomir a kujerarsa ta bakin murhu. Duk sanda ya ji takun Nenad ya shigo, sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ɗana, kana ganin hannuna sosai?" Ni kuma in riƙe numfashi har Nenad ya amsa.